Tantance bayanin kayan aikin wakilan AI a manhajojin gina siffa ta ƙa'ida: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu haɗa wakilin AI da manhajoji irin su Houdini, Blender da Grasshopper, da kuma waɗanda suka karɓi kayan aikin da wani ya rubuta suna so su san ko abin dogaro ne. An fara da na tushe, an gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne gina siffa ta ƙa'ida, kuma me ya raba shi da zanen 3D na hannu?

A zanen hannu mutum yana kama ɗigo ko fuska ya ja, ya matsa, ya yanke, kuma abin da zai rage masa a ƙarshe siffar ce kaɗai. A gina siffa ta ƙa'ida kuwa, hanyar da za ta haifar da siffar kake ginawa: a ɗauki fili, a watsa ɗigo 500 a kansa, a dasa kwafin bishiya a kan kowane ɗigo, a bambanta tsayinsu. Kowane mataki yana zaune a akwatinsa, wanda masu aikin ke kira nod, mu kuma a nan za mu ce masa gaɓa. Gaɓoɓin suna haɗe kamar sarƙa. Idan ka canja lamba ɗaya a gaɓar farko, duk abin da ke bayanta sai ya sake lissafuwa.

Houdini ta kamfanin SideFX da ke Toronto, wadda ta fito a 1996, ita ce jigo a fannin. Grasshopper, wadda David Rutten ya ƙirƙira domin Rhino a 2007, ta fi karɓuwa wurin masu zanen gine-gine. Blender ta shigo da Geometry Nodes a siga 2.92 cikin 2021. Akwai kuma irin su OpenSCAD, inda babu gaɓoɓi a allo, rubutu ne kawai yake fitar da siffa.

Me ake nufi da kayan aikin wakili, kuma wane rubutu ne ake kira bayaninsa?

Wakilin AI samfurin harshe ne, wato manhajar da ta koyi karanta rubutu da rubuta amsa, da aka ba damar aikata abu. Ba ya ganin allo yadda kake gani, ba ya danna maɓalli. Abin da ke hannunsa jerin umarni ne da aka buɗe masa: ƙirƙiri gaɓa, haɗa wannan da waccan, canja saiti, karanto siffa. Kowane umarni a jerin shi ne kayan aiki guda. A tsarin Model Context Protocol, wato MCP, wanda Anthropic ta fitar a Nuwamba 2024, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da jimlolin da ke bayyana shi, da tsarin JSON Schema, wato rubutaccen fom mai fayyace guraben da za a cike da irin abin da kowanne yake karɓa.

Da yawa suna ɗaukar jimlolin nan kaɗai a matsayin bayani. Ni ina ƙirga duk rubutun da wakili zai karanta game da kayan aikin: sunansa, jimlolin bayani, bayanin kowane gurbi, amsar da yake mayarwa idan aiki ya yi, da saƙon da yake bayarwa idan ya ƙi. Wanda ya tantance biyun farko ya bar sauran, bai kai rabin aikin ba.

Houdini da Blender suna da littattafan bayani masu kauri. Ba su isa ba?

Littattafan nan an rubuta su ne domin mutum mai ido da hannu. Suna cewa ka buɗe wannan shafi, ka danna wancan akwati, suna nuna hoto. Wakili ba ya samun su sai idan an yi masa kayan aikin da zai ɗebo su, kuma abin da ya tuna daga horonsa cakuɗe ne na sigogi daban-daban, kamar yadda za a gani a ƙasa a amsar tambayar sigar manhaja.

Sannan kayan aikin kansa yana da halayensa da babu su a littafin kowace manhaja, domin wani ne ya rubuta shi a tsakanin wakili da manhajar. Ya yanke shawarar ko zai karɓi kusurwa da digiri ko da radiyan, wanda shi ma ma'aunin kusurwa ne, ko zai haɗa sabuwar gaɓa da kansa ko zai bar ta a sake. Waɗannan shawarwari idan bai rubuta su ba, babu inda suke a rubuce.

Me ya sa ake cewa wannan fanni ya fi sauran wahalar tantancewa?

Saboda a nan kuskure ba ya ihu. Idan wakili ya nemi fayil ɗin da babu shi, tsarin zai ce babu, shi kuma ya gyara. Amma manhajar gina siffa tana karɓar abubuwa marasa ma'ana da yawa a matsayin halal. Siffa marar ɗigo ko ɗaya siffa ce a wurinta. A gaɓar Copy to Points ta Houdini, mashiga ta farko ta abin da za a kwafa ce, ta biyu ta ɗigogin da za a dasa shi a kai. Ka juya su, ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ka ga an dasa fili a kan kowane ɗigo na bishiya. A Grasshopper, idan kana son layi 100 tsakanin jerin ɗigo biyu masu 100 kowanne, amma ɗaya ya zo a rarrabe reshe-reshe ɗayan kuma a dunƙule, layi 10,000 za ka samu, kuma babu akwatin da zai yi ja don nuna kuskure.

A duk waɗannan, kayan aiki zai mayar da amsar cewa an yi nasara, wakili ya ɗora mataki na gaba a kan ɓatacciyar siffa, ya ɗora na gaba, har ya zo ya ce maka ya gama. Wannan ne ya fi damuna a lamarin gaba ɗaya, domin mai amfani ya ba da amana, kuma ba zai gano ba sai ya buɗe fayil ɗin, wani lokaci bayan ya tura wa wani.

Don haka tambayar da nake riƙe da ita a kan kowane bayani ita ce: wane kuskure ne wannan kayan aiki zai bari ya wuce shiru, kuma bayanin ya yi gargaɗi a kansa? Yawancin amsoshin da ke ƙasa rassan wannan tambaya ne.

Idan na buɗe bayanin kayan aiki guda, me zan fara dubawa?

Fara da suna, ka ajiye shi kusa da sunayen 'yan'uwansa. Idan akwai guda biyu da dukkansu suke nufin ƙirƙirar abu, kuma kai kanka ba za ka iya faɗin bambancinsu daga suna da jimlar farko ba, wakili ma zai riƙa canki ne. Bayani mai kyau yana faɗin lokacin da za a yi amfani da kayan aikin, yana kuma faɗin lokacin da ɗan'uwansa ne ya dace, da sunan ɗan'uwan.

Daga nan ka bi gurabe ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da aka ce lamba ce kawai bai faɗi komai ba. Lambar me, a wane ma'auni, daga nawa zuwa nawa, kuma idan an bar gurbin babu komai me zai faru? Inda zaɓi ƙayyadadde ne, ya kamata a jera su a cikin JSON Schema ɗin kansa, kada a bar wakili ya ƙago kalma.

Me ya sa ake ta nanata maganar ma'auni da alƙibla?

Domin manhajojin ba su yi ittifaƙi ba, kuma saɓaninsu irin mai wucewa shiru ne. A Houdini sama ita ce Y, a Blender da Rhino sama ita ce Z. Tsarin fayil na glTF yana ɗaukar Y a matsayin sama da mita a matsayin ma'auni, manhajar ƙera wasanni ta Unreal kuwa Z ce samanta kuma da santimita take lissafi. Kayan aikin da ya ce yana karɓar tsayi, bai faɗi ta wace alƙibla ba, zai iya kwantar maka da hasumiya a ƙasa.

Juyawa ta fi haka ruɗani. Blender tana nuna digiri a allo, amma ta hanyar Python radiyan take karɓa. Wakilin da ya aika 90 yana nufin digiri, idan aka karanta ta a matsayin radiyan, abin zai zagaya sau 14 ya tsaya a wajen digiri 117. Idan kuma ya aika 1.57, wato digiri 90 a ma'aunin radiyan, ga kayan aikin da ke jiran digiri, abin kusan ba zai motsa ba. A cikin Houdini kanta, saitin juyawa na gaɓoɓi digiri ne, amma lissafin kusurwa a VEX, harshen rubuta kod na Houdini, radiyan ne. Ga kuma kwataniyon, lambobi huɗun da ake bayyana juyawa da su: Blender tana jera su w, x, y, z, Houdini tana jera su x, y, z, w. Duk jerin biyun lambobi huɗu ne, babu JSON Schema da zai ƙi su.

Wurin tantancewa, duk gurbin da ya shafi nisa, kusurwa, launi ko lokaci, ka nemi ma'auninsa a rubuce a jikin gurbin. Idan a wani dogon sakin layi ne can sama aka ambata sau ɗaya, ni ina ƙirga shi da rauni, domin lokacin cike gurbi ne ake buƙatarsa.

Sunan da ke allo da sunan da ke cikin kod ba ɗaya ba ne. Yaya bayani ya kamata ya yi da wannan?

Ya faɗi fili wanne yake so. A gaɓar Scatter ta Houdini, saitin da allo ya rubuta Force Total Count sunansa na ciki npts ne. A Blender, gaɓar lissafi da kake sakawa a Geometry Nodes sunanta na ciki ShaderNodeMath ne, ba ya farawa da GeometryNode kamar maƙwabtanta, kuma mashigunta uku duk sunansu Value ne. Wakilin da ya nemi Value zai samu ta farko ko da ta biyu yake nufi.

Babu bayanin da zai iya ɗauke duk waɗannan sunaye. Abin da ya fi shi ne a samu kayan aiki na musamman da zai tambayi manhajar da ke buɗe ta faɗi sunayen saitin kowace gaɓa, sannan bayanin kayan aikin canja saiti ya umarci wakili ya fara kiran wancan. Idan ka ga wannan nuni a rubuce, alama ce mai kyau cewa marubucin ya taɓa zama ya kalli wakili yana aiki.

Dole ne bayani ya faɗi sigar manhaja?

Dole ne. Blender ta sauya tushen Geometry Nodes a siga 3.0, ƙarshen 2021, inda aka fara janye gaɓoɓi da dama na atiribut, wato bayanan da ke maƙale da siffa kamar launi. A siga 4.0 cikin Nuwamba 2023 ta sauya hanyar ƙara mashiga da mafita ga rukunin gaɓoɓi ta Python, ta kuma canja sunayen wasu mashigu na Principled BSDF, gaɓar da ke tsara kamannin jikin abu. Kod ɗin da ya yi aiki a 3.6 yana iya faɗuwa a 4.0. Houdini kuma tana riƙe sigogin gaɓa ɗaya fiye da guda, shi ya sa kake ganin suna irin copytopoints::2.0, kuma saitinsu ba lallai ya zo ɗaya ba.

Samfurin harshe ya karanta tsoho da sabo a haɗe. Idan ba a gaya masa inda yake ba, yakan ɗauko wanda ya fi yawa a abin da ya karanta, wanda sau da yawa tsohon ne. Ka duba ko bayanin ya faɗi sigar da aka gwada shi da ita, ko ma ya fi kyau, ko akwai hanyar da wakili zai tambayi sigar da ke gudana. Duk ranar da aka sabunta manhajar, gwajin da aka bayyana a ƙasa ya tashi daga farko.

Me ake nufi da cewa bayani ya faɗi halin da fage, wato filin aikin da ke buɗe a manhajar, yake ciki kafin da bayan kira?

Manhajar gina siffa tana da hali da take riƙe da shi: wane abu aka zaɓa, wane yanayi ake ciki, wace gaɓa ake nunawa. Duk wanda ya yi rubutu da bpy.ops, wato umarnan Blender ta Python, ya san saƙon da ke cewa yanayin bai dace ba, wanda yake fitowa idan umarnin yana buƙatar zaɓaɓɓen abu ko yanayin gyara amma ba a cikinsa ake ba. A Houdini ba a ƙirƙirar gaɓar siffa sai a cikin mazubin da ya dace da ita, kuma ƙirƙirar gaɓa ba ya nufin ita ake nunawa. Wakili zai iya gina sarƙa mai kyau, tutar nuni, wato alamar gaɓar da ake nunawa, tana can a gaɓar farko, abin da ake gani akwati ne kawai.

Bayan kira kuma akwai abin da ya canja. Idan an kira kayan aikin sau biyu, abu ɗaya zai gyaru ko biyu za su samu? Blender za ta raɗa wa na biyu Cube.001, Houdini ta ce box2. Wakilai suna maimaita kira idan suka yi zaton na farko bai shiga ba, saboda haka bayanin da bai amsa wannan ba yana gayyatar tarin kwafi a kan juna, waɗanda ido ba ya rabewa. Ka tabbata kuma kayan aikin yana mayar da ainihin sunan da manhajar ta bayar, kuma bayanin ya ce da shi za a ci gaba.

Saƙon kuskure ma ana tantance shi?

Ana yi, kuma na fi ba shi nauyi a kan jimlolin bayani, domin yana zuwa ne daidai lokacin da wakili ya ɓata hanya. Ka jefa wa kayan aikin kuskure da gangan: sunan gaɓar da babu, saitin da aka rubuta ba daidai ba, rubutu a gurbin lamba. Saƙon da ya ce an kasa kawai bai taimaki kowa ba. Dogon jerin layukan Python da aka kwafo ɗanye ya ɗan fi, amma yana cinye wuri. Wanda ake so shi ne mai cewa babu saiti mai wannan suna a wannan gaɓa, ga waɗanda suke kusa da shi.

MCP ta tanadi alamar isError domin a raba amsar nasara da ta kuskure. Kayan aikin da yake mayar da kuskure a cikin rigar nasara, wannan aibi ne babba, ka rubuta shi a saman rahotonka.

Wace irin amsa ce ta isa wakili ya tabbatar da aikinsa?

Amsar da take bayyana siffar da ta fito: yawan ɗigo, yawan fuskoki, iyakar girmanta ta kowace alƙibla, sunayen atiribut da ke maƙale da ita da inda suke zaune, ko a ɗigo ko a fuska, da duk gargaɗin da gaɓar ta ɗaga. Da waɗannan wakili zai iya lura cewa gidan da ya kamata ya kai mita 6 ya fito mita 600, ko ɗigo 500 sun zama sifili. Wannan shi ne maganin kuskuren da ke wucewa shiru da aka yi bayani a sama.

Sai dai a nan akwai tarko. Houdini ba ta lissafa gaɓa sai an nemi sakamakonta, saboda haka canja saiti yana iya yin nasara, kuskuren ya ɓoye sai an tilasta lissafi. A Blender, idan kayan aiki ya karanta ainihin bayanan abu bai bi ta evaluated_get ba, wato umarnin da ke ɗauko siffar bayan lissafi, siffar kafin Geometry Nodes zai ƙirgo. Haka kwafin da Instance on Points ta dasa ba sa shiga ƙidayar ɗigo sai an bi da su ta Realize Instances. Bayani ya faɗi wace siffa yake ƙirgawa, kai kuma ka gwada ka ga ko gaskiya ya faɗa.

Hoton fage yana da amfani, kuma gani ya kori ji, amma kada a tsaya a kansa. Hoto ba ya nuna girma idan babu abin kwatance, ba ya nuna fuskokin da suka juya ciki, ba ya nuna kwafi biyu da suka hau kan juna.

To yaya ake gwajin a aikace?

Ka rubuta ayyuka tun kafin ka karanta bayanin sosai, don kada kalmominsa su shiga bakinka. Ka rubuta su yadda mai zane zai faɗa: gina matakala mai hawa 12, tsayin kowanne santimita 18, watsa duwatsu a gangare amma ban da inda ya yi tsayi da yawa, mayar da yawan tagogi ya zama saiti guda da za a iya ja. Ayyuka 20 zuwa 30 sun isa farawa, a gauraya masu sauƙi da masu buƙatar kira da yawa, a saka kuma guda biyu ko uku da kayan aikin ba za su iya ba, a ga ko wakili zai faɗi gaskiya.

Kowane aiki ya samu ma'aunin nasara da kod zai iya dubawa ba tare da tambayar wakili ba. Matakalar nan tsayinta mita 2.16 ne ko ba haka ba. Ka ƙara wani dubawa da ya keɓanta da wannan fanni: bayan wakili ya gama, ka canja saitin ka ga ko siffar ta bi. Wakili yana iya dasa hawa 12 ɗaya bayan ɗaya da hannu, hoto ya yi kyau, amma ba ƙa'ida ya gina ba. Kowane aiki ya fara a sabon fage, a kuma maimaita shi sau da dama, domin samfuri ba ya bin hanya ɗaya kullum.

Bayan haka sai aikin da mutane ke gudu, wato bin sawu. Ka zauna ka karanta kiran da wakili ya yi ɗaya bayan ɗaya, har a ayyukan da ya ci. Inda ya kira kayan aikin da bai dace ba, inda ya ƙago sunan saiti, inda ya gwada abu ɗaya sau huɗu, kowanne yana nuna maka layin da ya ɓace a bayani. Adadin nasara kaɗai ba zai nuna maka wannan ba.

Ta yaya zan san laifin bayani ne, ba na samfurin ko na kayan aikin ba?

Ka canja abu ɗaya kawai. Samfuri ɗaya, ayyuka ɗaya, kod ɗaya, sai ka gyara jimlar da kake zargi ka sake gudanarwa. Idan kuskuren ya kau, bayani ne. Idan bayanin ya faɗi abu sarai, kayan aikin ya yi wani daban, to ɗayansu ƙarya yake yi kuma mai kod ne zai raba gardama. Idan an faɗa sarai, kayan aikin ya cika, wakili ya yi biris, sai ka gwada wani samfurin.

Ka ware wasu ayyuka da ba za ka duba su ba lokacin gyara, ka gudanar da su a ƙarshe. In ba haka ba za ka wayi gari ka rubuta bayanin da ya dace da ayyukanka 20 kaɗai. Wata hanya mai arha kuma: ka ba wani mai rubuta kod da bai san kayan aikin ba bayanin, ka ce ya cike guraben da hannu. Duk tambayar da ya yi maka, wakili ma yana da ita, sai dai shi ba zai tambaya ba.

Dogon bayani ya fi gajere?

Duk bayanan kayan aiki suna shiga cikin abin da samfuri yake riƙewa a lokacin aiki, kuma wurin yana da iyaka. Houdini tana da ɗaruruwan gaɓoɓin siffa. Wanda ya yi wa kowace kayan aikinta da cikakken bayani ya cika wurin tun kafin a fara. Ma'aunina shi ne, kowace jimla ta hana wani kuskure da zan iya ambata. Jimlar da ke yabon kayan aikin, ko take maimaita sunansa da wasu kalmomi, a cire ta. Jimla biyar a kan tsarin mashigu da ma'auni kuwa ba su yi yawa ba.

Misalai fa?

Suna da ƙarfi, har ƙarfin ya zama matsala, domin wakili yakan kwafe misali har da lambobinsa. Ka gudanar da kowane misali da hannunka a sigar da kake amfani da ita. Misalin da ya daina aiki ya fi rashin misali illa.

Wasu suna ba wakili kayan aiki guda mai gudanar da kowane kod na Python. Me za a tantance a nan?

A nan JSON Schema ba ya kare komai, gurbi ɗaya ne na rubutu, nauyin duka ya koma kan jimlolin bayani. Su faɗi sigar manhaja da ta Python, abin da aka riga aka shigo da shi, ko abin da aka ajiye a kira ɗaya yana nan a kira na gaba, yadda sakamako yake dawowa, da ko ana iya janye abin da kod ɗin ya yi. Idan kod ya faɗi a tsakiya, rabin gaɓoɓin da ya ƙirƙira suna nan a fage, kuma bayani ya gaya wa wakili ya duba kafin ya sake.

Ban ƙi irin wannan kayan aiki ba, yana buɗe ƙofofin da ƙananan ba za su iya ba. Amma kod ɗin da zai iya gina siffa zai iya share fayil, kuma bayanin da bai ambaci wannan ba ya ɓoye wa mai amfani abin da ya kamata ya sani.

Zan iya sa wani samfurin ya ba bayanin maki?

Za ka iya, a matakin share fage. Yana da saurin gano gurbin da babu ma'auni ko sunaye masu kama da juna. Abin da ba zai iya ba shi ne sanin ko bayanin gaskiya ne, domin bai taɓa manhajar ba, kuma yakan fifita rubutu mai daɗin karantawa. Inda na ga ya fi amfani shi ne a ba shi sawun aikin da ya lalace tare da bayanin, a tambaye shi wane layi ne ya ɓatar da wakili. Shawararsa ma sai ta bi ta gwajin canja abu ɗaya da aka faɗa a sama.

Bayani zai iya yin ƙarya ko ya cutar?

Zai iya. A sabuntawar Maris 2025, MCP ta ƙara alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint da idempotentHint, masu nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana rusa abu, ko maimaita shi ba ya ƙara komai. Ƙa'idar da kanta ta ce nuni ne kawai, kada a dogara da su daga sabar da ba a amince da ita ba, wato manhajar da ke miƙa wa wakili kayan aikin. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗauki jerin gaɓoɓi da saitinsu kafin kira da bayansa, ka kwatanta. Kayan aikin karanto siffa da yake matsar da tutar nuni ko ya canja zaɓaɓɓen abu ba karatu kawai yake yi ba, ko da marubucinsa bai yi nufin yaudara ba.

Akwai kuma na ganganci. Tunda samfuri yana karanta bayani kamar umarni, ana iya cusa masa jimlar da za ta sa ya buɗe fayil ko ya aika bayanai waje. Ka karanta cikakken rubutun da sabar take aikawa, domin abin da allo yake nuna maka wani lokaci taƙaitawa ce.

Bayani ya kamata ya yi magana a kan nauyin lissafi?

Ya kamata, domin a wannan fanni ƙaramar lamba tana haifar da dutse. Kowane mataki na rarraba fuska yana ninka fuskoki masu kusurwa huɗu sau 4. Akwati mai fuska 6 yana zama 24 a mataki na 1, ya zama 24,576 a na 6, ya haura miliyan 6 a na 10. A sararin da aka cike da boksil, wato ƙananan akwatunan da ake raba sarari da su, rage girman boksil da rabi yana ninka yawansu sau 8. Mutum yana jin kwamfutarsa ta fara nishi sai ya janye hannu. Wakili ba ya jin komai, lamba ce kawai ya rubuta.

Ka duba ko guraben irin waɗannan suna da iyaka a JSON Schema, ko bayanin ya ce a fara da ƙaramar lamba a duba siffa kafin a ɗaga, da kuma abin da zai faru idan lokacin jira ya ƙare. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Kiran yana iya yankewa a ɓangaren wakili alhali manhajar tana can tana lissafi, shi kuma ya ɗauka bai shiga ba ya sake aikawa, aiki biyu masu nauyi su hau layi. Ka gwada shi da gangan a fagen da ba ka tsoron rasawa, bayan ka adana duk abin da ke buɗe.